Ma'anar "robar da aka ƙarfafa da zaren tsiro" a aikin firinta 3D

Tun da firinta 3D ta fara shigowa makarantu da shagunan matasa a Katsina, wata magana ta kama bakin mutane: filamen mai zaren tsiro, ko "robar da aka ƙarfafa da rama". Ana jin ta a rediyo, ana jin ta a bakin masu jawabi wajen baje kolin ayyukan ɗalibai, kuma kusan kullum da alkawari biyu take tafe: wai abin da aka buga da ita ya fi na roba zalla ƙarfi, wai kuma in an yar da shi ƙasa za ta cinye shi. Kalmar "ƙarfafa" ɗin nan ce ke damuna, domin ita ke sa yaro ya zuba kuɗinsa da watanninsa yana jiran abin da ba zai samu ba.

Filamen dai shi ne siririn zaren robar da firinta ke ja, ta narkar, ta shimfiɗa shi hawa kan hawa har siffa ta fito. Kaurinsa milimita 1.75, a wasu injuna 2.85, kuma kwarkwaro mai kilo ɗaya na PLA mai kaurin 1.75 yakan kai kimanin mita 330. PLA roba ce da ake sarrafawa daga sitacin masara ko sukarin rake. Mai zaren tsiro kuwa shi ne wanda aka cuɗa robar da garin katako, ko rama, ko gora, ko buntun shinkafa. Wanda ya fara yin suna a kasuwa, Laywoo-D3, wani Bajamushe mai suna Kai Parthy ne ya fitar da shi a 2012, kusan kashi 40 cikin ɗari nasa katako ne.

Duk wanda ya ga ana kwaɓa ƙasar gini a cikin birni ya san amfanin ramno. Magini zai watsa busasshiyar ciyawar a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a tattake, a bar ta ta kwana, a sake tattakewa, sannan a mulmula tubali. In tubalin ya bushe zai so tsagewa, sai tsagar ta ci karo da silin ciyawa da ya ratsa ta, rabinsa a wannan ɓari rabinsa a wancan, sai ta tsaya. Abu biyu ne suka yi wannan aiki: silin yana da tsawo, ƙasa kuma ta riƙe shi gam. To a ce maginin ya ɗauki ramnon ya daka shi a turmi ya tankaɗe, ya zuba garin a cikin ƙasa. Ciyawa tana nan, nauyinta bai ragu ba, amma babu abin da zai tsare tsaga. Haka igiyar rama: abin da ya sa take jan guga cike da ruwa daga rijiya shi ne dogayen zaruruwa da aka tufka suka kama juna. Niƙa su, igiya ta ƙare.

Wannan niƙan shi ne dole a aikin filamen. Hudar bakin firinta da aka saba da ita milimita 0.4 ce. Zaren da ya doshi wannan tsawo zai gitta a cikin hudar ya toshe ta, don haka sai an niƙa an tankaɗe har ya koma kamar gari, yawanci ƙasa da milimita 0.2, sannan injin da ke cuɗa garin da roba ya fitar da filamen ya ƙara kakkarya shi. Abin da ya rage a cikin robar ciko ne. Yana ƙara mata tauri, wato abin da aka buga ba ya saurin lanƙwasa. Ƙarfi kuwa, wato nauyin da zai ɗauka kafin ya ɓalle, galibi raguwa yake, musamman in cikon ya yi yawa. Tauri daban, ƙarfi daban: kaskon yumɓu ya fi igiya tauri nesa ba kusa ba, amma ba wanda zai ɗaure akuya da kasko. Masu bincike sun samu ƙarin ƙarfi na gaske, amma ta hanyar tura dogon zare marar yankewa tare da robar a cikin firinta ta musamman, kuma ƙarfin a bin tsawon zaren yake. Ba shi ake sayarwa a kwarkwaron da muke gani ba.

Sharaɗi na biyu ma, wato riƙo, da wuya yake cika. Zaren tsiro mai son ruwa ne, roba kuwa ba ruwanta da ruwa, sai su zauna wuri ɗaya ba su kama juna ba. Duk inda ba su manne ba ƙaramin rami ne, daga nan karaya ke farawa. Ga mai haɗa filamen da kansa, maganin da aka fi yi shi ne sodar masu sabulu: giram 50 a litar ruwa ɗaya, a jiƙa zaren awa biyu zuwa huɗu, a yi ta ɗauraya har santsin ya fita. Sodar na cire maiƙo da danƙon bayan zaren, ta bar shi da kaushin da roba za ta kama. In ta yi yawa ko ta daɗe, zaren kansa take ci. A sa safar hannu da tabarau, soda ba ta wasa da fata.

Sai busarwa, inda mafi yawa ke faɗuwa. Shanya a rana ba ta isa. A sa garin a tanda a digiri 80 na ma'aunin Celsius ya kwana, ƙwayoyin PLA ma a busar da su. Ɗan danshin da ya rage zai zama tururi a cikin injin, filamen ya fito da kumfa, nan kauri can siriri, alhali bai kamata bambancin ya wuce milimita 0.05 ba. Danshin kuma yana tsinka PLA ɗin kanta in ta yi zafi, ta koma mai gautsi. A fara da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na gari. Wanda ya haura 20 da injin gida zai ga filamen na karyewa tsakanin haƙoran da ke tura shi tun bai kai wuta ba.

Wajen bugawa, zafi ne ke da tarko. PLA na son digiri 190 zuwa 220, zaren tsiro kuma daga wajen 200 yake fara toyewa. Shi ya sa launi ke duhu in an ƙara wuta, har wasu ke amfani da hakan su fitar da zane irin na katako. A tsaya tsakanin 190 da 205, a sa baki mai huda 0.6, kuma kada a bar shi da zafi filamen na zaune a ciki, minti kaɗan zai zama gawayi ya toshe. Da hunturu aikin na tafiya lafiya saboda iska a bushe take. Da damina kwarkwaron da aka bari a buɗe zai sha danshi, ka ji yana ƙaras-ƙaras a bakin firinta, sai an mayar da shi tanda a digiri 45 na awa huɗu zuwa shida.

Maganar ruɓewa kuwa, PLA sai a tarin takin masana'anta take ruɓewa, inda zafi ke kusan digiri 58 da danshi na tsawon makonni. A bola ko a gona shekaru za ta yi, kuma garin ramar da ke cikinta ba ya canja wannan sosai. Zafin da ya kamata Bakatsine ya ji tsoro wani ne daban: PLA na fara laushi daga digiri 55 zuwa 60, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu tana kaiwa haka. Abin da aka bari gaban gilashi za a tarar ya karkace.

Ina son wannan filamen, kuma ina son ganin ramar ƙauyukanmu da karan audugar Funtua sun shiga cikinsa. Yana da sauƙin nauyi, gefensa ba ya yawan ɗagowa daga farantin da firinta ke bugawa a kai, yana karɓar gugar samfefa da fenti kamar katako. Samfurin gini, akwatin ƙaramar na'ura, tambarin shago, kayan koyarwa a aji, duk ya dace da su. Ƙugiyar rataye kaya, haƙorin inji ko mariƙin da zai ɗauki nauyi, a buga su da wata roba mai suna PETG ko da nailan. Ɗalibin da ke son tabbatarwa ya buga sanduna goma masu girma ɗaya, biyar da PLA zalla biyar da mai rama, ya ɗora kowace a kan bulo biyu, ya rataya bokiti a tsakiya yana zuba yashi, ya rubuta yadda kowace ta lanƙwasa da nauyin da ya karya ta.