Mene ne benci waranti, kuma yaya ake rabuwa da shi a ƙananan gundumomin Amurka?

Jama'a wannan kalmar tana yawo sosai a bakin 'yan uwanmu da ke Amurka, musamman masu tuƙin tirela da masu Uber, sai ka ji an ce wane fa an riƙe shi a hanya, wai yana da benci waranti. Mutum ya ruɗe, shi a saninsa bai yi sata ba bai doki kowa ba. Toh ga abin da ake nufi.

Benci dai shi ne bencin da muka sani, amma a harshen shari'a mazaunin alƙali ake nufi. Wato benci waranti umarnin kamu ne da alƙali yake bayarwa da kansa daga inda yake zaune, ba ɗan sanda ne ya je ya nema ba. Shi warantin kamu na yau da kullum 'yan sanda ne ke kai wa alƙali hujja cewa suna zargin wane da laifi, ya sa hannu. Wannan kuwa tsakaninka da kotu ne kawai, an ce ka zo ranar kaza ba ka zo ba, ko an ci ka tara ba ka biya ba kuma ba ka je ka yi bayani ba, ko an sake ka bisa sharaɗi ka karya. Mu ma a Najeriya akwai shi, duk ranar da ka ji a labarai an ce kotu ta ba da umarnin a kamo wane saboda ya ƙi amsa sammaci, to shi ne wannan.

Yadda yake kama mutanenmu abin tausayi ne wallahi, don yawanci daga ɗan ƙaramin abu yake farawa. A ce ka taso daga Houston za ka Atlanta, tsakar dare ka ratsa wani ƙauye da ko sunansa ba ka iya faɗa ba, ɗan sanda ya tsayar da kai kan gudu ko fitila ɗaya da ta mutu, ya miƙo maka takardar laifi da suke kira tikiti ka sa hannu. Kai kana ganin shikenan an rabu lafiya, ka ninke ta ka cusa a aljihun gaban mota tare da rasit ɗin mai da tsofaffin takardun inshora. Alhali can ƙasan takardar akwai rana da sunan kotu da ƙananan haruffa, kuma sa hannun nan da ka yi ba amsa laifi ba ne, alkawari ne ka ɗauka cewa za ka bayyana ko ka biya kafin ranar. Ranar ta zo, magatakarda ya kira sunanka shiru, alƙali ya sa hannu, kai kana can kana neman abincinka ba ka da labari. In ma sun aiko wasiƙa tsohon adireshin da ke jikin lasisinka za ta je, kai kuma ka tashi daga gidan tun bara.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan abu ba ya ruɓewa. Ba ya mutuwa don an shekara biyar ko goma, yana nan kwance sai alƙali ya janye shi ko an kama ka. Kuma jiharka ma za ta iya dakatar da lasisinka a kan tikitin wata jiha, saboda yawancin jihohin suna da yarjejeniya a tsakaninsu kan haka, ka ga ga direba wannan ai an taɓa tukunyar gidansa kenan.

To me ya sa na ƙauye ya fi wuya? Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, Texas kaɗai tana da 254, Jojiya 159, galibinsu kowacce da kotunta da gidan yarinta da sherif ɗinta, wato shugaban 'yan sandan gunduma, shi sherif galibi zaɓensa ake yi kuma a mafi yawan wurare shi ke riƙe da gidan yari da aikin kamo masu waranti. Akwai gundumar Loving a Texas da ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 kacal a cikinta. A manyan birane sai ka shiga intanet ka rubuta sunanka ka gani, amma a irin waɗannan wuraren wani lokaci babu shafin ma gaba ɗaya, ko akwai amma an daɗe ba a sabunta ba. Don haka in ka duba intanet ba ka ga sunanka ba kada ka saki jiki. Akwai rumbun bayanai na ƙasa da hukumar FBI ke riƙe da shi tun 1967, sunansa NCIC, shi ɗan sanda ke dubawa a kwamfutar motarsa, kai ba ka da ikon shiga, kuma ba kowane ƙaramin waranti ake sakawa a ciki ba, wani sai ranar da ka sake shiga jihar zai fito.

Hanyar da ta fi ita ce ka kira ofishin magatakardan kotu na gundumar, ka ba da cikakken suna da ranar haihuwa da lambar tikitin in kana da ita. Mu da sunayenmu suke maimaituwa, Muhammad, Abubakar, Ibrahim, ka tabbata an haɗa da ranar haihuwa kada a ɗora maka na wani. Ka tambayi lambar shari'ar, nawa ne kuɗin beli in an yanka, wace rana alƙali yake zama, kuma ko biyan tarar kaɗai zai rufe maganar. Ka rubuta komai. Kada ka tashi ka tafi ofishin sherif da ƙafarka wai ka je dubawa, in ya fito a kwamfuta a nan take za su iya riƙe ka.

Maganar ranar zaman alƙali ba ƙarama ba ce fa. A ƙauyuka da yawa alƙali ɗaya ne ke zagaya gundumomi biyu ko uku, ba kullum yake gari ba, wanda aka kama yammacin Juma'a zai iya kwana a ciki har Litinin ko fiye, motarsa an ja ta an kai ma'ajiya kullum kuɗi na hawa, kayan mutane na ciki, iyali na ta kiran waya ba a ɗauka.

Shi ya sa ni a ganina in da hali ka ɗauki lauyan yankin, wanda ya san kotun ya san magatakardan. Zai shigar da takardar roƙon a janye warantin a ba ka sabuwar rana, kuma a ƙananan laifuka sau da yawa shi zai tsaya maka ba sai ka yi tafiyar ba. In kana da uzuri na gaskiya ka kawo shaidarsa, takardar asibiti, tikitin jirgi in ka tafi gida jana'iza, shaidar canjin adireshi. In kuma dole sai ka miƙa kanka, ka je da safe a farkon mako, da kuɗin beli a shirye da wanda zai tsaya maka. Wanda ba shi da kuɗin tara ya faɗa wa alƙali gaskiya ya nemi biya kaɗan kaɗan, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke tun 1983 a shari'ar Bearden da jihar Jojiya cewa ba a ɗaure mutum don kawai talauci ya hana shi biya sai an bincika halinsa.

Wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, don Allah kada ka amsa wani laifi don kawai ka huta sai ka yi magana da lauyan shige da fice. Duk wanda aka shigar gidan yari ana ɗaukar zanen yatsunsa, bayanan kuma suna isa ga hukumomin tarayya, sannan fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko an taɓa kama ka ko an taɓa ba ka tikiti.

Sai 'yan damfara. Za a kira ka a waya a ce daga ofishin sherif ne, kana da waranti, ka biya yanzu da katin kyauta ko kirifto in ba haka ba muna zuwa. Ƙarya ne, kotu ba ta karɓar kuɗi ta haka, ka kashe wayar ka nemo lambar kotun da kanka ka kira.

In Allah ya sa an janye, ka karɓi kwafin umarnin alƙali mai hatimi ka ajiye a mota, ka ɗauki hotonsa a waya, don wani lokaci sai an ɗauki kwanaki kafin a goge sunanka daga kwamfutar 'yan sanda. Sannan ka kira ofishin lasisi na jiharka ka ji ko sun ɗage dakatarwar, don ita daban ake warware ta kuma galibi da nata kuɗin.