Rashin Daidaiton Wanki a Fim Baƙi-da-Fari

Rashin daidaiton wanki shine idan ka wanke fim baƙi-da-fari a gida ka fito da shi, sai ka tarar wani wuri ya wanku sosai wani wurin kuma bai wanku ba, nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, ya fito da zane-zane ko dabbare-dabbare ko ƙananan ɗigo-ɗigo waɗanda sam babu su a abin da aka ɗauka. An fi ganinsa a wuri mai santsi kamar sararin sama ko farin bango, don a cikin ganyaye ko taron mutane laifin ɓuya yake yi. Asalin matsalar ɗaya ce: sinadarin wanki, wato dibelofa, bai taɓa ko'ina na fim ɗin daidai wa daida ba. Abin da ya rage shine gano me ya hana shi, kuma nagatif ɗin da kansa yake ba da labari idan an iya karanta shi.

Kafin a ɗora wa wanki laifi

Ɗaga fim ɗin gaban fitila ka duba bakinsa da ɗan tsakanin da ke raba hoto da hoto. Idan baƙin tabo ya tsallaka har cikin wannan tsakanin ko ya hau ramukan gefe, toh galibi haske ne ya shiga ta murfin kyamara ko lokacin naɗa fim, ba ruwan dibelofa. Idan kuma duhun yana dawowa a wuri ɗaya cak a kowane hoto kuma ya tsaya iya iyakar hoton, a zargi shatan kyamara, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga lokacin ɗauka. Sannan a tuna nagatif a juye yake, inda ya yi haske a fim shi zai fito baƙi a takarda, mutane da yawa anan suke rikicewa su yi ta gyaran abin da ba shi bane.

Girgiza tanki

Nan ne mafi yawan rigimar take. Dibelofan da ke manne da fim yana gajiya cikin ɗan lokaci, kuma wuraren da suka sha haske sosai suna sakin sinadarin buromaid wanda ke rage ƙarfin wanki, idan an bar tanki, wato gwangwanin da ake wanke fim a ciki, a ajiye ba motsi sai wannan gajiyayyen ruwan ya riƙa gangarowa ƙasa a hankali yana barin layi mai haske a ƙarƙashin wuraren da suka yi baƙi, kamar yadda ruwan sama ke barin sawu a jikin bango. Masu wankin ajiye-ka-tafi, irin dibelofan Rodinal kashi 1 a ruwa kashi 100 na awa ɗaya ba girgizawa, su suka fi haɗuwa da wannan, kuma gaskiya duk wanda ya zaɓi wannan hanyar ya san caca yake yi.

Ɗaya ɓangaren kuma mai zafin hannu ne, wanda ke jijjiga tanki kamar zai fasa shi. A fim 35mm ruwan yana bi ta ramukan gefe da ƙarfi, sai ka ga baƙaƙen layuka suna fitowa daga kowane rami suna shiga cikin hoto, a jere reras daidai tazarar ramukan. A fim 120, wanda ya fi 35mm faɗi, babu ramuka, amma gefuna biyu kan fi tsakiya baƙi. Abin haushin shine rashin girgiza ma yana iya kawo layi daga ramukan, shi yasa sai an lura da kyau ko layin ya fi kewayensa baƙi ne ko ya fi shi haske.

Kamfanin fim na Ilford suna cewa a kifa tanki sau 4 cikin sakan 10 a kowane minti, Kodak kuma sun fi son a girgiza kamar sakan 5 duk bayan sakan 30. Duka biyun suna aiki, kawai ka ɗauki ɗaya ka tsaya a kai. Kifawa a natse, a ɗan murɗa tankin yayin juyawa don kada ruwa ya riƙa bin hanya ɗaya kullum. Sakan 30 na farko sun fi komai muhimmanci, tabon da ya kama a lokacin ba ya gogewa daga baya.

Ruwa bai kai ba, kumfa, da sauransu

Idan doguwar ɗamara mai haske ta bi gefe ɗaya na fim daga farko har ƙarshe, ruwa ne bai rufe kwarkwaron da aka naɗa fim a kai ba. Tankin kamfanin Paterson yana son mililita 290 ga fim 35mm ɗaya, 500 ga 120, kuma an rubuta a gindin tankin amma wa yake dubawa. Wani lokacin ma'aunin daidai ne, kwarkwaron ne ya zame sama a jikin sandar tsakiya lokacin kifawa, maganinsa a ɗora kwarkwaro fanko a samansa. Sai dai kada a cika tanki har baki, idan babu iska a ciki ruwan ba zai motsa ba ko an kifa.

Ƙananan da'irori masu haske tas kumfar iska ce ta manne, shi yasa ake buga gindin tanki a tebur sau biyu ko uku bayan kowace girgiza. Kumfa mai yawa a gefen sama kuma sau da yawa ragowar Photo-Flo ce, wato sinadarin ɗauraya ta ƙarshe mai hana sawun ruwa, da ta bushe a jikin kwarkwaro, a wanke shi da ruwan ɗumi.

Gajeren lokaci ma yana jawo ta. Kodak sun yi gargaɗin cewa wankin da bai kai minti 5 ba yana iya fitowa ba daidai ba, tunda zubawa da juyewa kaɗai sun cinye wani kaso, ƙasan fim ya jiƙa kafin sama. A ƙara sirka dibelofan ko a tabbatar zafinsa digiri 20 ne a ma'aunin salsiyos don lokacin ya ɗan yi tsawo. Mai haɗa dibelofa na gari irin D-76 ya bari ya narke gaba ɗaya ya huce tukuna.

Tabo mai kama da madara iri biyu ne. Idan fim ya manne da kansa a kwarkwaro wurin bai sha dibelofa ba, wannan hoton ya tafi. Idan kuma fiksa, wato sinadarin da ke tabbatar da hoto bayan dibelofa, ce ta gaji ko lokaci bai isa ba, a mayar da fim cikin sabuwar fiksa minti kaɗan a sake ɗauraya, zai washe. Sawun ruwa bayan bushewa shima yana fita da sake jiƙawa a tataccen ruwa. Sauran duk sun zauna a cikin azurfar fim ɗin, sai dai a rage su a kwamfuta bayan sikanin.

Wajen gwaji a ɗauki fim ɗaya na farin bango ko sama mara gajimare, a yanka shi gida uku a cikin duhu, kowane yanki a canza abu ɗaya tak, girgiza ko yawan ruwa ko lokaci, a rubuta a takarda kafin a manta wanne ne wanne.