Rawar fuska ga mai ciki ba iska ba ce

Jama'a wallahi abin nan ya ishe ni. Sau nawa ana kawo mana mai ciki asibiti a sume, zaninta duk warin hayaƙi, bakinta jina-jina don an cusa mata cokali, in ka tambaya sai a ce ai tun shekaranjiya kanta ke sarawa, yau da safe gefen bakinta ya fara rawa, sai aka ce iska ce aka ɗebo garwashi aka lulluɓe ta da bargo. Haba dan Allah!

Ni ban ce duk rawar jiki ciwo ba ce. Fatar idonka ta yi rawa don ka kwana biyu ba barci ko ka cika shayi da goro, ko tsokar ƙafa ta riƙa motsi bayan ka wuni a gona cikin rana, wannan ka sha ruwa ka huta zai wuce. In ya ɗau makonni ko hannu ya fara rashin ƙarfi ka zo a duba ka.

Amma mai ciki daban take, tun daga wata biyar har cikin kwanakin jego. Fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita a yatsa, tana gani dishi-dishi, ƙasan ƙirjinta na ciwo, sannan fuska ta kama rawa, to jini ne ya hau, jijjiga ta iso bakin ƙofa. Shi ya sa muke ta nacin awo, da mun ga awon hawan jininta ya kai 140/90 ba ma sakaci da ita. Akwai allurar magniziyam da ke tsayar da jijjigar, amma sai kun kawo ta ai!

Inna, Hajiya, na san son ta kuke yi, wallahi na sani. Amma hayaƙin nan numfashinta yake toshewa, ita da ɗan da ke cikinta. Addu'a a yi ta a cikin mota, ba wanda ya hana. Kai kuma maigida in za ka fita ka bar izini da kuɗin mota, kar a zauna jiranka har magariba ana turara ta.

In ta fara jijjiga: ku kwantar da ita ta gefen hagu, ku janye wuta da duk abin da zai ji mata ciwo, kar a danne ta, ba cokali, ba ruwa, ba rubutu a baki, BA HAYAƘI. A nemo mota ko Keke Napep yanzu-yanzu ko da tsakar dare ne, ku taho da katin awonta.