Abin Mamaki a Bakin Ƙofa: Amsoshi ga Sababbin Marubuta a Jos

Tambaya: Kullum hanyata ɗaya ce, daga Unguwar Rogo zuwa Taminus. Ina abin mamaki a nan?

Amsa: Sabo ne ya rufe maka ido. Abin da mutum ya gani sau ɗari, yakan daina tambaya a kansa. Dubi kududdufan da ke wajen Bukuru da Rayfield. Yaro ya tashi ya gan su, sai ya ɗauka haka aka halicce su, alhali da yawansu ramukan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa, ruwa ya cika su. Ka tambayi kanka: wa ya haƙa, da wane kayan aiki, daga wane gari ya zo cin rani? Ka ga labari ya fara fitowa.

Tambaya: Yaya ake koyon lura?

Amsa: Zaɓi wuri ɗaya, ka riƙa zuwa a lokaci ɗaya har kwana 7. Minti 15 ya isa. Riƙe ƙaramin littafi da biro, waya ta zauna a aljihu. Kowace rana rubuta abu 5: biyu da ka gani, ɗaya da kunne ya ji, ɗaya ƙamshi ko wari, ɗaya maganar wani yadda ta fito daga bakinsa.

A ce kasuwar Farin Gada ce da sassafe cikin hunturu. "Kasuwa ta cika maƙil" ba ta gaya wa kowa komai ba. Rubuta yadda ɗan dako ke gyara gammo kafin a aza masa kwandon tumatir, da tururin da ke fita daga bakin dillali yana cewa "albarka", da ganyen kabeji da aka ɓare ya taru a ƙasa. Kwana biyun farko manyan abubuwa za ka gani. Ƙananan, waɗanda su ne ke raya rubutu, sai daga baya suke bayyana, shi ya sa ba a son sauya wuri.

Tambaya: Me ya fi ɓata aikin?

Amsa: Zuzutawa. Idan ka ce abu "na ban mamaki ne ƙwarai", ka yi wa mai karatu mamakin, ba ka bar masa komai ba. Faɗi abin kawai: a Jos ana iya ruwa da ƙanƙara tana dukan kwano. Sai kuma jinkiri. In ka bari sai gobe, ƙwaƙwalwa za ta cike giɓin da abin da ka saba karantawa.

Tambaya: Mutane ba za su zarge ni ba?

Amsa: Za su iya, in ka tsaya musu ƙerere kana rubutu. Yi sallama, ka sayi ko da shayi ne, ka ce, "Baba, ina koyon rubutu ne, ko zan ɗan zauna?" In maganar mutum ta shiga labarinka, sauya sunansa da unguwarsa.