Zanen tambarin manyan gidajen Faransa a garkuwar ƙananan mutum-mutumi

Wannan wani reshe ne na sha'awar masu tara ƙananan mutum-mutumin mayaƙa, na roba ko na ƙarfe, suna yi musu fenti don sake shirya tsofaffin yaƙe-yaƙe a kan tebur, kamar na Kiresi a 1346 da na Fuwatiye a 1356, tsakanin Faransa da Ingila. Tsawon barde guda yakan kai milimita 28, wasu 15, garkuwarsa kuwa ba ta wuce faɗin farce ba.

Tambarin garkuwa ya bazu a Faransa tun ƙarni na 12, kuma yana da ƙa'ida. Launuka kashi biyu ne: "ƙarafa", wato zinariya da azurfa, waɗanda ake zanawa da ruwan ɗorawa da fari, sai ja da shuɗi da baƙi da kore. Ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ko launi a kan launi, don a hangi tambarin daga nesa. Dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ne, shi ya sa zakin gidan Filanda (Flandre), baƙi a kan zinariya, wanda ke duban dama, yake fuskantar hagun mai kallo. Sabon shiga yakan juya shi.

Wahalar aikin ta danganta da gida. Na Fuwa, jajayen layuka uku a tsaye kan zinariya, aikin mintuna ne. Na Momoransi kuwa jan gicciye ne da shuɗɗan tsuntsaye 16, huɗu a kowace kusurwa. Nan ake gane mai hannu. Galibi ɗigo ake yi da tsinin burushi, a ja masa fukafukai biyu, ido ya cike sauran. Tambarin Biritani (Bretagne), a yammacin Faransa, ma haka, baƙaƙen ɗigo jere a kan fari. Fari da ruwan ɗorawa ba sa rufe baƙi da shafa ɗaya, don haka da su ake fara shimfiɗa. Wanda hannunsa ke rawa yakan sayi bugaggen tambari ya jiƙa ya manna.

Zamani ma abin lura ne. Tambarin sarkin Faransa da farko furannin zinariya ne barbaje a kan shuɗi, sai Sarki Sharl na Biyar ya mayar da su uku wajen 1376. A yaƙin Azinkur na 1415 kuwa sulken ƙarfe ya riga ya rage amfanin garkuwa, tambari ya fi fitowa a riga da tuta.