Tambayoyi da amsoshi kan PLL: yadda ake rage masa cin wuta ba tare da sigina ta lalace ba

Mene ne PLL, kuma me ya kai shi cikin wayar hannu?

Duk na'urar da ke aika saƙo ta iska tana buƙatar bugun lantarki mai saurin gaske wanda zai ɗauki saƙon. Wi-Fi na aiki a gigahaz 2.4 da 5 da 6, wasu tashoshin 5G kuma a gigahaz 28 ko 39. Gigahaz ɗaya bugu biliyan ɗaya ke nan a daƙiƙa. Matsalar ita ce ɗan kiristal ɗin da ke riƙe lokaci daidai ba ya da wannan saurin, yawanci megahaz 26 ne ko 38.4 ko 40. Ita kuwa osileta, wato da'irar da ke samar da bugu, wadda ake ginawa a cikin cif tana da sauri, amma ba ta da natsuwa, zafi kaɗan ko motsin wuta sai ta kauce.

PLL (phase-locked loop a Turance, wato madaukin da ke kulle bugun osileta da na kiristal) ne ke haɗa su. Ana ɗaukar bugun osileta a raba shi, a kwatanta da na kiristal, in ta yi gaba a ja ta baya, in ta yi baya a tura ta. Misali, don samun gigahaz 2.4 daga kiristal mai megahaz 40, sai a raba da 60. Kamar agogo ne mai gudu da ake saita shi da amintaccen agogo sau miliyan 40 a kowace daƙiƙa. Dabarar ta tsufa: injiniyan Faransa Henri de Bellescize ya yi rubutu a kanta tun 1932.

Ina wutar take tafiya?

Kaso mafi tsoka na tafiya ne ga sassan da ke gudu a cikakken sauri, wato osileta, da matakin farko na mai rabawa, da transistocin da ke kai bugun zuwa sauran sassan rediyo. Wutar da da'irar dijital ke ci tana ƙaruwa da yawan bugu, tana kuma ƙaruwa da boltej sau kansa. Shi ya sa rage boltej da rabi kan mayar da cin wutar irin wannan da'ira kashi ɗaya cikin huɗu. Sassan da ke tafiya da saurin kiristal ba su cika ci ba, sai in an matsa musu su yi shiru sosai, wato su rage hayaniyar lantarki da ke gurɓata bugu.

To me zai hana a rage wa kowane sashe wuta kawai?

A nan gizo ke saƙar. Bugun da PLL ke fitarwa ba ya sauka daidai kan lokacinsa, yakan ɗan riga ko ya ɗan makara. Wannan karkarwar lokaci, wadda hayaniyar lantarki ke haifarwa, ana auna ta da femtosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan biliyan na daƙiƙa. A gigahaz 28, bugu ɗaya yana ɗaukar kusan pikosakan 36, wato femtosakan 36,000, don haka karkarwar femtosakan 100 ta kai kusan digiri ɗaya na zagayen bugun. Digiri ɗaya kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa Wi-Fi 7 na iya amfani da tsarin 4096-QAM, inda mai karɓa zai bambance alamomi 4,096 da ke maƙwabtaka da juna. Kaucewa kaɗan, sai ya karanta wata a madadin wata.

Ita kuma karkarwar ba a rage ta kyauta. Idan tsarin da'irar bai sauya ba, rage ta da rabi na buƙatar ninka wuta sau huɗu. Daga nan aka samo ma'aunin da masu bincike ke gwada aikinsu da shi: a ninka karkarwa sau kanta, a ninka da wutar da aka ci, a mayar da sakamakon desibel. PLL mai femtosakan 100 da ke cin miliwat 10 yana da desibel 250 ƙasa da sifili. Wanda ya rage wuta karkarwa ta ƙaru daidai gwargwado bai ci ribar komai ba, lambar tana nan inda take. Riba tana zuwa ne in an sake fasalin da'irar.

Wane irin sake fasali?

Wanda ya fi burge ni shi ne wanda Xiang Gao da abokan aikinsa a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan suka gabatar a 2009. A PLL na gargajiya, hayaniyar mai kwatantawa da famfon cajin da ke bayansa (mai mayar da sakamakon kwatancen zuwa wutar da ke gyara osileta) tana bayyana a fitarwa bayan an ninka ƙarfinta da lambar rabawa sau kanta. In lambar 60 ce, ninki 3,600 ke nan. Sai suka cire mai rabawa daga babbar hanya, suka bar kiristal ya riƙa ɗaukar samfurin bugun osileta kai tsaye. Ninkin nan ya kau daga kan waɗannan sassa, don haka ba sai an ɗura musu wuta ba. Amma akwai tarko: irin wannan PLL na iya kullewa a kan kowane ninki na bugun kiristal, ko da ba wanda ake so ba ne, dole sai an ƙara masa ƙaramar da'irar da za ta fara kai shi wurin da ya dace. Hayaniyar kiristal ɗin kansa kuwa tana nan tana ninkuwa.

Akwai kuma PLL na dijital zalla, wanda Robert Bogdan Staszewski da tawagarsa a kamfanin Texas Instruments suka shigar cikin rediyon Bluetooth da na wayar salula a farkon shekarun 2000. An maye gurbin matatar kafasita mai cin fili, wadda ke tace saƙon gyaran osileta, da lissafi, abin da ya dace da ƙananan transistoci masu aiki da ƙaramin boltej. Nasa ciwon kan yana wurin na'urar da ke mayar da tazarar lokaci lamba, domin tana iya cin wuta sosai in ana son ta auna da kyau.

Wace osileta ta fi?

Mai naɗin waya da kafasita ta fi shiru nesa ba kusa ba a kan wuta iri ɗaya, amma naɗin yana cin fili a kan cif. Mai zoben transistoci ƙarama ce, tana kuma sauya zango, wato saurin bugunta, cikin sauƙi, sai dai hayaniya. Ga rediyo mai sauri, kusan kullum ta farkon ake zaɓa.

Me ake nufi da faɗin madauki, kuma me ya sa ake yawan maganarsa?

Shi ne saurin da PLL ke gyara osileta. In an faɗaɗa shi, ana danne hayaniyar osileta, amma ta kiristal da mai kwatantawa na samun hanyar wucewa. In an ƙuntata, akasin haka. Wurin da ya fi dacewa yana kusa da inda hayaniyoyin biyu suka yi kunnen doki, kuma a nan ne ake raba wuta tsakanin ɓangarorin kusan daidai. A tsarin gargajiya faɗin madaukin bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na bugun kiristal ba, don kada madaukin ya rikice. Sabon injiniya yakan zuba wa osileta wuta don ya ga ta yi shiru, alhali hayaniyar da ke damunsa daga ɗaya ɓangaren take fitowa.

Kashe shi in ba a aiki fa?

Yana taimakawa ƙwarai, musamman a na'urorin Bluetooth masu ƙaramin batir da ke barci mafi yawan lokaci. Sharaɗin shi ne PLL ya kulle da sauri in an tashe shi, cikin 'yan mikrosakan (mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), domin duk lokacin da yake laluben zango wuta ce ke ƙonewa ba a aika komai ba. Shi ya sa ake ajiye saitin da ya yi aiki a baya a ƙwaƙwalwa, ko a faɗaɗa madaukin a farko sannan a ƙuntata shi bayan ya kulle.