Komawa Aji Cikin Korona: Tambayoyin da Malamai Suka Ishe Ni da Su

Tun da Ministan Ilimi, Malam Adamu Adamu, ya ce makarantun haɗaka 104 na gwamnatin tarayya za su koma ranar 12 ga Oktoban nan na 2020, jihohi kuma kowace ta sa tata ranar, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin kullum su ne su. Ga amsa sau ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Wai cutar nan akwai ta kuwa?

Akwai. Tun watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, wannan tambayar ba ta dace da bakin malami ba.

Me zai hana a jira rigakafi?

A Oktoban nan na 2020 babu shi tukuna, kuma ba wanda ya sa masa rana. 'Yan ajin ƙarshe sun koma tun 4 ga Agusta, suka fara jarrabawar WAEC ranar 17. Sauran fa? Wasu suna kasuwa, wasu an ɗaura musu aure. In aka ƙara wata shida, rabin rajistarka sai dai ka riƙa kiran suna shiru.

Yara ƙanana ma sai sun sa takunkumi?

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar a 2020 ita ce: ɗan shekara 5 zuwa ƙasa kada a tilasta masa, 12 zuwa sama ya sa kamar babba, na tsakani a duba hali. Kai dai Malam ka sa naka, a kan hanci, ba a haɓa ba.

Ajina yara 90 ne, biyar a benci ɗaya. Ina zan samo tazarar mita biyu?

To, nan ne gizo ke saƙa. Ba za ka samu ba, kada ma ka yaudari kanka. Ƙa'idar da Ma'aikatar Ilimi ta fitar a 2020 ta ba da zaɓi: a raba aji, wasu safe wasu yamma, ko wasu yau wasu gobe, ko a fita waje. Kowanne da cikas ɗinsa. Safe da yamma na nufin malami ɗaya ya yi aikin biyu da albashin ɗaya, kuma a yawancin unguwanninmu yamma ta Islamiyya ce, iyaye ba za su yarda a taɓa ta ba. Yau da gobe ya fi sauƙi a wurinka, amma manhajar da aka riga aka yi asararta za ta sake rabuwa biyu.

Ni da za a bi tawa, ƙarƙashin bishiya. Cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso, iska kuwa kyauta ce. Damina na kan tafiya, in akwai darbejiya ko rumfa a fitar da rabin aji. Sai dai hunturu na tafe, da ƙura da tari, don haka ban ce dabarar za ta kai Disamba ba. Makarantar da ba ta da fili kuma, a buɗe duk tagogi da ƙofa, a dakatar da taron safe, a raba lokacin tara. Ko wannan ya isa? Ba zan rantse ba, rage haɗari ne kawai. Kuma ba kai kaɗai za ka yanke ba: ku zauna da hedimasta da kwamitin iyaye, abin da kuka rasa, ruwa ne ko sabulu, ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ku ajiye kwafi. Ƙorafin baki a ofishin malamai ba ya sayen bokiti.

Yaro ya zo da zazzaɓi, in kore shi?

Ba kora ba. Ka zaunar da shi gefe, ka kira iyayensa, a kai shi asibiti. A wannan lokacin zai iya zama zazzaɓin cizon sauro ne, amma kai ba likita ba ne. Kuma kada in ji an laƙaba masa "mai korona".

Ina da ciwon suga da hawan jini, tsoro nake ji.

Malama, tsoronki na kan hanya, masu irin wannan lalura cutar ta fi yi wa illa. Ki karɓo takarda daga likitanki, ki nemi ƙaramin aji ko aikin ofis. Ba ragwanci ba ne.

Mu na makarantun kuɗi, albashinmu na watannin da aka rufe fa?

Wannan ku da mai makaranta. Ku je masa a ƙungiyance, da takardar ɗaukar aikinku a hannu.